Baƙin Gilashin da Jeriah Ta Sayo

Duk wanda ya san Pak Darus, wato Baba Darus, a gida zai ce maka mutum ne marar magana. Zai dawo daga gonar shinkafa, ya wanke taɓon ƙafarsa a randar da ke gindin matakala, ya hau sama ya ci abin da aka ajiye masa, ya ce ya yi daɗi ko kuma bai ce ba, shi ke nan an gama hira. Matarsa Jeriah kuwa, wadda yara da manya ke kira Mak Yah, wato Inna Yah, ko kaza ce ta gifta ta gabanta sai ta tanka mata. Mutanen ƙauye kan yi mamakin yadda waɗannan biyun suka zauna shekara arba'in da ɗoriya. Abin da ba su sani ba, Darus yana da magana, sai dai ba ta fitowa sai a kan babur.

Da zarar ya tada jan babur ɗinsa mai kwando a gaba, ita kuma ta hau baya a karkace ta tattare zaninta, suka bar gidaje suka kama doguwar hanyar da ta ratsa gonaki, sai bakinsa ya buɗe. Yakan ɗan juyo da kai ya riƙa jefo magana ta kan kafaɗa, iska tana kawo mata. A kan babur ya gaya mata yana so a sa wa 'yarsu suna Suraya. A kan babur ya ba ta haƙuri kan wata magana da ya yaɓa mata a gaban uwarsa, bayan ita har ta fara mantawa. A kan babur ya yi kukan ɗansu na fari wanda bai zo da rai ba, tana jin bayansa yana girgiza a ƙirjinta. Tuni Jeriah ta gane cewa mijinta ba ya iya magana in ana kallon fuskarsa. Saboda haka wannan ɗan wurin zama na baya, mai yagaggen leda da aka liƙe, ya fi mata duk wata kujera da ke gidan.

Kuma a hanyar ƙauye ba a wuce mutum fuska rufe. Mai babur yakan tura gilashin hular kwanonsa sama, ya kira sunan wanda ya gani, ya tambaye shi ina za shi, ko da kuwa ya san inda za shi. A wannan fannin babu kamar Darus. Tun daga nesa yake gane mutum, da tafiyarsa kawai.

Abin ya fara bayyana ne a lokacin da aka sako ruwa a gonaki, sa'ad da duk ƙasa kan koma madubi, rana ta dake ka daga sama, ta kuma dake ka daga ƙasa. Suna dawowa daga asibitin sha-ka-tafi inda ake auna masa suga, sai ga Lebai Morad, limamin masallaci, yana tafe a bakin hanya da farar hularsa. Darus ya ɗaga gilashi, ya buɗe murya ya ce, “Kak Som, ina zuwa da wannan ranar?”

Kak Som mai sayar da busasshen kifi ce, gajeruwa mai jiki. Liman kuwa dogo ne kamar sandar tura jirgi. Kafin la'asar labari ya kai shagon shayi, aka yi ta dariya har mako ya zagayo. Liman da kansa in ya shigo sai ya nuna kansa ya ce a ba Kak Som shayi kar a cika madara. Jeriah ce kaɗai ba ta yi dariya ba, don ta ji yadda bayan Darus ya sandare a lokacin da liman ya amsa.

Ba ta tambaye shi a gida ba, ta san aikin banza ne. Sai da suka hau hanya washegari ta sa haɓarta a kafaɗarsa, ta kira shi Abang yadda matan can ke kiran mazansu, ta ce, “Abang, me ke damun idon?”

Ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya amsa.

“Tsakiyar ce, Yah. In na kalli mutum ina ganin kafaɗunsa, ina ganin itacen da ke bayansa, amma inda fuska take sai wani dabbare kamar an shafa toka.”

Ya ce hanya kam yana ganinta sarai, gefenta da ramukanta, ai ko ido rufe ya san ta. Hasken ne ke cutar da shi, yana shiga kamar allura har hawaye su cika masa ido. Sannan ya ce kar ta gaya wa Suraya.

Wannan ba sai ya roƙe ta ba. Suraya tana aiki a wata masana'anta a Penang, takan zo ƙarshen wata, kuma bakin uwarta ta ɗauko, ta ƙara da na kanta. Ita ce ta ɓoye gwangwanin madara, ita ce ta hana shi shinkafar safe mai man kwakwa, kuma ta sha faɗa a gabansu cewa ranar da ta ga alamar idon babanta ya taɓu, ranar za ta tafi da makullin babur a jakarta. Jeriah ta san ba wasa take ba. Ta duba rayuwar da za ta rage in aka ɗauke babur: ita da shi a gida, ita tana surutu, shi yana kallon bango, har Allah Ya ɗauki ɗaya. Sai ta ce wa ranta ai haske ne matsalar, kuma haske ana iya tare shi.

Ranar kasuwa ta bar shi a shagon shayi ta zame zuwa wurin Ah Hock mai gyaran babur, wanda tun yana saurayi yake canza wa Darus taya. Ta nuna masa gilashin hular kwano da ke rataye a bango, baƙi ƙirin, irin wanda samari ke sawa.

“Mak Yah, tsere za ki shiga?” in ji Ah Hock, yana goge hannu da tsumma. “Ki bari in sa miki bututun hayaƙi mai ƙara, a san kin fito.”

“Kai dai sauko min da shi. Na tsohon ne, rana na damunsa.”

Ya sauko da shi, amma bai miƙa mata nan da nan ba. Ya ce 'yan sanda ba sa son ganin irin wannan, in sun tare mutum sukan sa ya cire, wani lokacin har da tara, saboda 'yan fizgen jaka da shi suke rufe fuska. Ya ce kuma na tsakar rana ne kawai. In yamma ta yi ko hadari ya haɗo, wanda ke cikinsa makaho ne.

Kalmar ta soke ta, amma ta dake. Ta ce ta ji. Ya nuna mata yadda ake kwance 'yan kusoshin roba biyu na gefen kunne, ya ce ta adana farin gilashin, kar ta yar. Ta naɗe baƙin a cikin takardar jarida ta tura ƙarƙashin alayyafo.

Kai, ranar farko Darus kamar an mayar masa da ƙuruciya. Ya ce gonaki sun yi sanyi kamar an sa musu rumfa. Hawaye suka tsaya. Har ya ɗan ƙara gudu a miƙaƙƙiyar hanya sai da Jeriah ta dake shi a cinya. Daga nan aiki ya samu Jeriah: da safe ta sa baƙin, in zai tafi masallaci da magariba ta kwance ta mayar da farin, da bayan ƙaramin cokali take murɗa kusoshin. In suna tafe ta hango mutum, sai ta matso bakinta kusa da hularsa ta ce ga Pak Shuib nan a dama, ko ga matar Hanapi da jikarta. Shi kuma ya kira sunan ta cikin gilashi, ya ɗaga hannu.

Amma fa bai ƙara ɗaga gilashin ba. In ya ɗaga, haske zai afka masa, kuma za a ga idon da ke neman fuska bai same ta ba. Mutane suka fara magana. Wasu suka ce Pak Darus ya fara ji da kansa tun da 'yarsa ta sayi mota. Wasu suka ce tsufa ne ya zo masa da samartaka, saura ya huda kunne. Kak Som ta ce ita dai ba ta amsa gaisuwar tukunya, in mutum yana son gaisawa ya nuna fuska. Jeriah ta shanye duk wannan, ta ma taya su dariya.

Abin da ba ta iya shanyewa ba shi ne wanda ba ta taɓa zato ba. Da can gilashin a sama yake kusan duk tafiya, shi ya sa maganarsa ke isowa. Yanzu da aka rufe, sai ta riƙa jin gunji kawai, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Takan ce, “Me ka ce, Abang?” Ya sake faɗa, ba ta ji ba. A na uku sai ya girgiza kai, ma'ana ba komai. Ta sayo abin ne don ta tsare hirarsu, ga shi hirar tana nan amma a bayan gilashi. Duk da haka ta ce gara gunjin da shiru, ai tana jin motsinsa a bayansa.

Sau ɗaya suka faɗa shingen 'yan sanda a bakin gada. Wani matashin ɗan sanda ya sa Darus ya tsaya, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa cikin ladabi, ya kira shi Pak Cik, wato kawu, ya ce, “Pak Cik, wannan ba na hanya ba ne. Ko ni da ke gabanka ban san da wa nake magana ba.” Jeriah ta sauko da sauri ta ce laifin jikansu ne, shi ya canza, alhali ba su da jika namiji. Ta zaro farin gilashin da cokalinta daga jaka, ta canza a gaban yaron har yana yaba mata iya aiki. Suna shan kwana ta sa Darus ya tsaya a inuwar ayaba ta mayar da baƙin. Ranar har wani daɗi ta ji, wai ta yi dabara.

Saura wuri ɗaya ne inda ba ta bayansa: kasuwar Asabar. Yakan sauke ta a bakin kasuwa ya wuce shagon shayi, in an jima ya dawo ya ɗauke ta a gindin wani babban itacen mangwaro. Don ya riƙa gane ta a cikin taro, sai ta sayi mayafi ruwan goro mai haske, wanda ko daga wancan ƙetaren gona za a hango. Maƙwabta suka ce Mak Yah ta koma ma'aikaciyar gyaran titi. Ta ce e, ita ce mai ba da hannu.

Kuma akwai wani abu da yake yi tun tana amarya. In ya tsaya a gabanta, kafin ta hau, sai ya miƙa hannun hagu ba tare da ya ce komai ba, ya zare igiyar jakarta daga kafaɗarta, ya sa jakar a kwando, ya naɗe igiyar a jikin madubi. Ya ce mace ba ta rataya jaka a kan babur, in ɓarawo ya fizga har da ita zai jawo ƙasa. Ita ma jikinta ya saba. Da ta ji ƙarar injinsa, kafaɗarta ta dama kan sauka da kanta.

Asabar ɗin da abin ya faru ta faɗo cikin hutun makaranta, lokacin da bukukuwan aure ke hawa kan juna. A makon ne kuma aka ja wata mata a ƙasa a garin da ke gaba, wasu biyu a kan babur suka fizge mata jaka, ta karye a kafaɗa. Ba a maganar komai a kasuwa sai wannan. Kowace mace ta rungume jakarta a ƙirji.

Jeriah ta tsaya wurin Kak Som suna ciniki suna gulma, sai ga wata doguwar mota ta tsaya a bakin titi. Dangin ango ne daga wata jiha, sun sauko sayen ruwa da tambayar hanya. Dukkansu sun yi anko, maza da mata, babba da yaro, ruwan goro tun daga mayafi har ƙasa. Kak Som ta taɓa ta ta ce ga 'yan uwanki sun zo ɗaukarki. Jeriah ta yi dariya, ta ce ai su suka kwaikwaye ta, har ta tsaya tana yaba ɗinkin wata. Allah sarki, ko kaɗan hankalinta bai kai can ba. Ta ci gaba da zaɓen kifi.

Sai ta ji injin. Ta san tarinsa a cikin babura dubu. Ta ɗaga kai, ta hango gindin mangwaro, ta ga wata mace a tsaye daidai inda takan tsaya, da mayafi ruwan goro, da jaka a kafaɗar dama, tana duba waya.

Kifin ya zube daga hannunta. Tsakaninta da itacen akwai rumfunan kayan miya, da masu kwakwa, da mutane maƙil. Ta kutsa tana kiran Abang, Abang, amma wa zai ji ta cikin wannan hular? Tana gani ya rage gudu. Tana gani ya tsaya a gaban matar, ya ɗan jima. Sannan hannun hagunsa ya tashi, a hankali, yadda ya saba tashi, ya kama igiyar.

Matar ta ɗago ta ga baƙin gilashi babu fuska, da hannu a jakarta. Ta ƙwalla ƙara.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Mazan ankon suka fara isa, samarin kasuwa suka rufa musu baya. Babur ja mai kwando kuwa, rabin garin irinsa suke hawa. Aka hankaɗe shi ya faɗi, babur ya danne masa ƙafa. Wani ya kai masa ƙafa a haƙarƙari, wani ya sauke masa kujerar roba a baya. Cikin masu dukan har da yaran da ya sha kai wa makaranta a wannan kwandon suna ƙanana. Bai yi ihu ba, bai kare kansa ba. Igiyar jakar tana hannunsa, ya riƙe ta gam, don a saninsa jakar matarsa ce ake son ƙwacewa.

Jeriah ta faɗa kansa da dukkan jikinta. Wani duka ya same ta a kafaɗa kafin su ankara. Ta lalubo maɓallin da ke ƙarƙashin haɓarsa, ta zare hular. Furfura ta bayyana, da bakin da ya fashe, da idanu biyu da rana ta afka wa suna ta ƙiftawa.

Dukan ya tsaya cak. Wani ya ce, a hankali, “Pak Darus ne.” Wanda ke riƙe da kujera ya ajiye ta kamar ta ƙone shi.

“Yah?” in ji Darus. Ya juya kai wajen muryarta, sannan ya juya wajen matar da ke tsaye tana kuka. Ya saki igiyar.

A ofishin 'yan sanda an ba su ruwa, an kawo masa ƙanƙara a leda. Sajan ɗin dattijo ne, ya juya hular a hannunsa, ya kwance baƙin gilashin da kansa ya ajiye a gefe. Ya ce ba zai tsawaita magana a kansa ba, yau kowa ya ga dalilin da ya sa ake hana shi. Sannan ya tambayi Darus me ya kai hannunsa jakar baƙuwa.

“Na ɗauka matata ce.”

Baƙuwar, Hasmida sunanta, ba ta fi talatin ba, doguwa, fara. Wani daga cikin dangin ango da ke bakin ƙofa ya ce ashe Pak Cik yana da buri. Mutum biyu suka fara dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka haɗiye. Sajan ya dubi yarinyar, ya dubi Jeriah, ya daɗe yana duban idon Darus. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce wa Jeriah ko akwai wani nasu da za a kira.

Kafin su fita Hasmida ta durƙusa ta kama hannun Darus ta kai goshinta, tana neman gafara. Ya ce ita za ta yafe masa, ya tsorata ta a ranar farin ciki. Yana maganar yana kallon gefen kunnenta.

Suraya ta iso kafin la'asar. Jeriah ta shirya wa faɗa, ta ma so a yi mata faɗan. Amma yarinyar ta duba ƙafar babanta, ta shafa masa magani a baya, sannan ta sami uwarta a kicin ta tambaye ta tun yaushe. Jeriah ta ce tun sakin ruwan da ya wuce. Suraya ta ce, “Mak,” ta kasa ƙarasawa, ta juya ta kama wanke kofin da yake a wanke.

A babban asibiti likitar ido ta haska, ta ɗauki hoto, ta ce ba yana ba ce da za a cire. Suga ne ya ɓata jijiyoyin da ke can bayan idon. Akwai allurar da za a riƙa yi don a tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Ta ce da an zo da wuri da an tsare fiye da haka. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana rubutu ma take magana. Jeriah ta zauna da jakarta a cinya, tana jin ƙaramin cokalin nan a ciki ta jikin fata.

Suraya ba ta kai ga tambayar makulli ba. Da suka dawo gida Darus ya cire shi daga aljihu ya ajiye kusa da farantinta. Ah Hock ya turo babur ɗin ya gyara madubin da ya karye, ya ƙi karɓar komai, ya ƙi haɗa ido da Jeriah. Aka kafe shi a ƙarƙashin gida tsakanin ginshiƙai, aka rufa masa tsohon zani.

Mutane sun yi ta zuwa. Iyayen samarin suka kawo su ɗaya bayan ɗaya su ba da haƙuri. Kak Som ta kawo kifi mafi kyau a rumfarta, ta zauna a matakala tana share ido, tana cewa ita da bakinta. Liman ya zo ya ce daga yau shi zai riƙa biyo masa zuwa masallaci. Darus ya gode wa kowa da kalma ɗaya ɗaya. Da ƙafa ta ɗauke, gidan ya koma yadda Jeriah ta hango tun farko. Ita tana magana, shi yana zaune a bakin taga da tabarau ɗin da asibiti suka ba shi, ya juya wa haske baya. Ta ba shi labarin kaji, da na farashin albasa, da na wanda ya saki matarsa. Ya ce to. Ya ce haka ne.

Wata rana da hantsi, bayan raunin bayansa ya warke, ta sauka ta yaye zanin da ke kan babur, ta goge ƙurar. Ta hau ta kamo hannunsa ta ce ya zo ya duba mata wani abu. Da suka isa ta ɗora hannunsa a kan kan babur ɗin ta ce ya hau.

“Babu makulli, Yah.”

“Na sani. Kai dai hau.”

Ya hau. Ta hau baya a karkace, ta tattare zaninta, ta riƙe shi a kugu. Kaji suna tono a gabansu. Ta hana kanta magana, abin da ba ta taɓa yi ba, har sai da ta ji harshenta na ƙaiƙayi. Hannayensa suka zauna a inda suka saba. Can sai ta ji ya ja numfashi, ya ɗan juyo da kai ta kan kafaɗa.

“Ba dukan ba ne ke damuna.”

Ta ƙara riƙe shi a kugu.

“Ban yi gaggawa ba. Na tsaya na kalle ta sosai. Na ce a raina, ga Yah ta gaji da tsayuwa.”

Ta ce ai mayafin ne, kowa ma zai iya ruɗewa, laifinta ne da ta tsaya gulma. Ya girgiza kai. Sai ta yi tambayar da ta daɗe tana zagayewa. Ta ce ita fa, tun yaushe rabon da ya ga fuskarta?

“Tun kafin girbin bara.” Ya ɗan karkata kai. “In na kalli gefe ina samun kunnenki. Wani lokacin da ɗan kuncin.”

Girbin bara, tun kafin abin liman, tun kafin ta lura da komai. Duk safiyar da ta zauna a gabansa tana zuba masa shayi tana ganin yana kallonta. Ta danne abin da ya taso mata, ta ce to ai bai yi asarar komai ba, fuskar duk ta yamutse kamar busasshen lemo, gara ya riƙe tsohuwar.

Ta jira ya yi dariya. Bayansa ya girgiza a ƙirjinta, amma ba dariya ba ce, ta san wannan girgizar, sau ɗaya ta taɓa jin ta. Ta sa goshinta a tsakanin kafaɗunsa suka zauna a haka, babur na tsaye, kaji na tono.

Da ya natsu ya ce, “Ita ma tsohuwar tana ɓace min.”

Ya sauka a hankali, ya laluba ya ɗauko zanin ya rufe babur ɗin da kansa, har yana gyara gefe. Ta sake gwadawa bayan kwana biyu, ta sake gwadawa a wani makon. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Daga baya ta daina.

Yanzu matar Hanapi ce ke rage mata hanya zuwa kasuwar Asabar a motarsu. Ta koma sa mayafinta mai ruwan toka. Ranar farko ta gama sayayya da wuri, ba ta tsaya wurin Kak Som ba, ta fito da ledojinta. Motar tana can ƙetaren titi, amma ƙafafunta suka kai ta gindin mangwaro. Wani jan babur ya taho yana rage gudu, kafaɗarta ta dama ta sauka, igiyar jakar ta zamo har gwiwar hannu. Mai babur ɗin ya tura gilashinsa sama ya ce, “Mak Yah, ina zuwa?”

Ta ce gida. Ta mayar da igiyar kafaɗarta, ta tsallaka titi.